Kifin da ke rayuwa a zurfin mita 8,000: yadda muka koyar da darasinsa da gorar roba, sirinji da tiyon magina

Darasin matsin ruwa yana cikin manhajar kimiyya ta babbar sakandare, amma a makarantun ƙauye irin tamu da ke yankin Bebeji yawanci a allo yake farawa, a allo yake ƙarewa. A rubuta ƙa'ida, a yi lissafi biyu, a wuce. Mu malaman kimiyya na makarantar muka ga ya fi kyau mu ɗora darasin gaba ɗaya a kan tambaya guda wadda za ta hana yara sakat: akwai kifin da ke zaune a zurfin da ya haura mita 8,000 a cikin teku, to me ya hana ruwa murƙushe shi?

Kifin da muke nufi yana cikin kwazazzabon Mariyana, a yammacin Tekun Fasifik, kusa da tsibirin Guwam. An fara kama shi a 2014, sannan a 2017 Mackenzie Gerringer da abokan aikinta suka bayyana shi a matsayin sabon jinsi, suka raɗa masa suna Pseudoliparis swirei, don tunawa da Herbert Swire, wani jami'in jirgin binciken Ingila mai suna Challenger da ya zaga tekunan duniya daga 1872 zuwa 1876. Tsawonsa bai cika santimita 30 ba. Kansa babba ne, jikin yana tsukewa har wutsiya, ba shi da ɓawo, fatarsa fara ce mai ɗan ja-ja, kuma ta yi sirara har ana hango hantarsa daga waje. Mun nuna hotonsa a waya, muka tambayi ajin me suke ganin yana kare shi. Kusan kowa ya ce ƙashi mai ƙarfi ko fata mai kauri. Muka rubuta amsar a gefen allo, ba mu ce daidai ba ne ko kuskure, muka bar ta a nan.

Lissafin farko mai sauƙi ne. Duk mita 10 da aka nutsa, ruwa yana ƙara matsi daidai da wanda iskar sararin sama ke yi mana a doron ƙasa. A mita 8,000 ke nan matsin ya ninka sau 800. Adadi irin wannan ba ya zama a kan yaro, don haka muka sa kowa ya zana murabba'i mai santimita ɗaya tsawo da faɗi a littafinsa, muka ce a kan wannan ɗan gurbi kaɗai nauyin ya kai na buhun masara mai kilo 100 guda takwas. Madatsar Tiga da suka sani, wadda aka gina a zamanin Gwamna Audu Baƙo, tsayin bangonta ma bai kai mita 50 ba. Haske ba ya wuce mita 1,000 a teku, sanyin can ƙasa kuwa tsakanin digiri 1 ne zuwa 2 da ɗoriya.

Gwajin farko shi ne gora mai huda uku. Ana samun gorar ruwa ta roba mai lita ɗaya da rabi, a riƙe ƙaramar ƙusa da filaya, a gasa ta a wutar kyandir, a huda gorar a santimita 5, da 12, da 19 daga gindi, duk a layi ɗaya. Ƙusa ɗaya za a yi amfani da ita, kuma a zare ta a miƙe, don idan huda ɗaya ta fi wata faɗi ko robar ta narke ta bar tsini a baki, ruwan zai riƙa karkacewa. A liƙe hudojin da salatif guda mai tsawo, a cika ruwa zuwa santimita 26, a bar bakin gorar a buɗe, sannan a fizge salatif ɗin gaba ɗaya. Idan murfin yana rufe, hudar sama za ta daina fitar da ruwa, iska ta riƙa shiga ta nan, gwajin ya ɓaci.

Akwai wani tarko a wannan gwaji da ya kamata kowane malami ya sani tun kafin ya tara yara. Zanen da ake yawan gani yana nuna hudar ƙasa ce ke cilla ruwa mafi nisa alhali gorar tana zaune a ƙasa. Ba haka yake faruwa ba. Ruwan hudar ƙasa ya fi fita da ƙarfi, amma tazararsa da ƙasa santimita 5 ce kawai, kafin ya yi nisa ya riga ya faɗi. Na tsakiya ne zai ci gasar, yara kuma su rikice. Maganin abin shi ne a ɗora gorar a bakin tebur mai tsayin kamar santimita 75, ruwan ya zuba a dandamali. A nan ne na ƙasa zai zarce, na tsakiya ya bi shi, na sama ya zo ƙarshe. A sa yaro ɗaya ya riƙa ƙara ruwa da kofi don kada ya sauka daga alamar, wani kuma ya shata inda kowane ya sauka da alli.

Daga nan sai sirinji, kuma a ganinmu shi ne zuciyar darasin. Muna sayen sabo mai mililita 20 a kemis, a cire allurar a ajiye ta nesa tun kafin a shiga aji. A ja iska zuwa 20, a toshe bakin, a danna. Toshewa da yatsa tana yoyo da zarar matsi ya ƙaru, don haka gara a kifa bakin a kan guntun robar tayar keke a bisa tebur, a danna daga sama da tafin hannu. Iska ta koma 10, matsin ya ninka biyu, daidai da zurfin mita 10. Ta koma 5, ya ninka huɗu, mita 30 ke nan, kuma a nan hannun yawancin yara yake fara rawa, domin ana bukatar ƙarfin da ya kai kilo tara ko kusa da haka. Wannan ita ce dokar da Robert Boyle ya wallafa a 1662, kuma yaron da ya ji ta a tafin hannunsa ba ya bukatar haddar ta.

Sai a cika sirinjin da ruwa zalla a maimaita. Ko ƙaton aji ne ya hau kai, sandar ba za ta motsa ba. Sharaɗin shi ne kada a bar ko ɗigon iska a ciki: a ɗaga bakin sama, a ɗan bubbuga da farce, a tura kumfar waje, kamar dai yadda ma'aikacin asibiti ke yi kafin allura. Idan kumfa ta saura, sandar za ta ɗan shiga, wani yaro ya ce ai ruwa ma yana matsuwa. Gaskiya ne yana matsuwa, amma ko a mita 8,000 abin da yake raguwa bai kai kashi 4 cikin 100 ba.

A wannan gaɓa wata ɗaliba daga bencin baya ta ɗaga hannu, sirinjin ruwan yana hannunta, ta ce, "Malam, ke nan in kifin duk ruwa ne a cikinsa, ba abin da za a matse?" Muka ce ta tashi ta maimaita da ƙarfi, sannan ta je ta ja layi a kan amsar da ke gefen allo. Wannan shi ne rabin sirrin. Matsi yana murƙushe abin da ke da iska a ciki. Jikin da nama da ruwa suka cika shi, matsin ciki da na waje ɗaya ne, babu bangon da ake turawa ta gefe guda. Mutum ne yake bukatar sulke, domin yana tafe da iska a huhunsa: ƙwallon ƙarfen da Jacques Piccard da Don Walsh suka shiga a jirgin Trieste ranar 23 ga Janairun 1960, suka sauka wuri mafi zurfi a Mariyana, kusan mita 11,000, kaurin bangonsa ya kusa santimita 13.

To amma kifin da yaranmu suka sani yana da iska a ciki, shi ya sa muka kawo karfasa daga hannun masunta. A samu babba, sabuwar kamu, ba wadda ta kwana a ƙanƙara ba. A yanka cikin da almakashi daga dubura zuwa ƙirji, a ɗaga gefe ɗaya, a janye hanji a hankali. A sama, manne da ƙashin baya, za a ga wata jaka mai sheƙi, ita ce jakar iska. Ta karfasa siririya ce ƙwarai, reza na taɓa ta take fashewa, don haka kada a yi ƙoƙarin ciro ta. A bar yara su danna da yatsa su ji. Kada a sayi tarwaɗa don wannan aiki duk da ta fi samuwa, domin jakarta ƙarama ce kuma tana ɓoye cikin ƙashi a bayan kai, sai a yi ta tono ba a ga komai ba.

Aikin jakar kuwa da murfin biro muke nuna shi. Murafen biro da yawa suna da ƙaramar huda a tsini, wadda aka yi don kada yaro ya shaƙe idan ya haɗiye, kuma dole a toshe ta da cingam ko narkakken kyandir, in ba haka ba iskar za ta tsere murfin ya nutse nan take. A naɗa 'yar waya a jelar murfin don nauyi, a gwada a kofi: ana so ya tsaya a miƙe, tsininsa kaɗai ya leƙo saman ruwa. A yi ta ƙara waya ko ragewa har a samu haka. Sai a jefa shi cikin gora cike taf da ruwa, a ɗaure murfin gorar tamau. In an matse gorar, iskar cikin murfin biron ta tsuke, ruwa ya shiga, ya nutse. In an saki, ya taso. Idan sai an yi da ƙarfi yake nutsewa, nauyin ya yi kaɗan. Idan ya sauka ya ƙi tashi, ya yi yawa. A daidaita shi da ruwan da za a zuba a gorar, domin wanda aka gwada da ruwan tankin da rana ta dafa zai iya nutsewa da kansa a ruwan randa, saboda sanyi yana tsuke iskar.

Kifin Mariyana ba shi da wannan jaka sam. Ba wai duk kifin zurfi haka suke ba, akwai waɗanda ke riƙe da ita har zurfin dubban mitoci, suna cusa mata iska daga jininsu. Shi dai wannan ya bi wata hanya: a ƙarƙashin fatarsa akwai nama mai yauƙi wanda yawancinsa ruwa ne, ƙasusuwansa ba su gama ƙanƙarewa ba, da yawa guringuntsi ne, ƙoƙon kansa ma bai rufe duka ba. Jikin bai fi ruwan da nauyi sosai ba, saboda haka ba ya shan wahalar tsayuwa a cikinsa.

Gwajin da ya fi cin lokaci, kuma ya fi biyan wahala, shi ne na madatsa. Muna so yara su ga aikin zurfin gaske, ba na hannu ba. Matsalar ita ce duk abin da aka saukar ya tsuke, yana dawowa daidai idan an jawo shi sama, don haka ana bukatar abin da zai bar shaida. Muka yanki santimita 50 na tiyon lebur, farar robar nan da magina ke auna daidaiton gini da ita. Muka toshe kai ɗaya da guntun itace da aka fere, muka bi da narkakken kyandir, muka hura ta ɗaya bakin muka tabbatar ba ya yoyo. Muka zuba garin bula na wanki kaɗan a ciki, muka jujjuya har ya shafi bangon ko'ina, muka zazzage saura. Dole cikin tiyon ya bushe ƙayau, in da danshi garin zai dunƙule. Sannan muka ɗaure shi a jikin guntun rodi a wurare uku, buɗaɗɗen bakin yana kallon ƙasa. Rodin ne ke miƙar da shi, shi ne kuma nauyin da ke jan sa. Igiyar muka ƙulla mata ƙulli a kowace mita, ana aunawa daga bakin tiyon.

Ba mu saka ɗalibi ko ɗaya a kwalekwale ba, kuma muna roƙon duk wanda zai kwaikwayi wannan aiki kada ya saka. Abin da ya faru a Bagwai a ƙarshen 2021, lokacin da jirgi ya kife da ɗaliban Islamiyya a madatsar Watari, ya isa gargaɗi. Malami ɗaya sanye da rigar kariya da masunci ɗaya sun wadatar, yara su tsaya a tudu. Masuncin da ya fita da mu dattijo ne, muka ce masa, "Baba, inda ruwa ya wuce gaba goma muke nema." Bai yi wata-wata ba ya nufi inda tsohuwar hanyar kogin ta bi. Sanin irin wannan wuri sai su.

Da sassafe ake yi, kafin iska ta taso. Idan kwalekwale yana tafiya da iska, igiyar za ta kwanta, ƙulli 10 ya shige ruwa alhali tiyon bai kai mita 10 ba. A saukar a hankali, a dakata kaɗan, a jawo a hankali. Fizga tana sa ruwan cikin ya yi tsalle ya ɓata layin. Idan rodin ya taɓa ƙasa ya kwanta, iskar ta fice, a sake da wani tiyon, shi ya sa ake tafiya da busassu da yawa. Da aka fito da na mita 10 yara suka kewaye shi. Rabin ƙasa ruwa ya wanke shi fes, rabin sama yana nan shuɗi, tsakaninsu layi a fili kusa da santimita 25. Kafin a auna na mita 5 muka sa su lissafa abin da za a gani, suka samu kusan 17, aka ɗora rula aka ga haka. Na mita 15 lissafi ya ba da 30. Da a ce za a kai wannan tiyo inda kifin yake, iskar santimita 50 za ta koma kimanin milimita ɗaya.

Masu binciken ma ba nutso suke yi ba. Firam ɗin ƙarfe suke saki daga jirgi, ɗauke da kyamara, fitila, tarko, koton kifi da nauyi. Yakan ɗauki kusan awa huɗu kafin ya isa ƙasa. Koton yana tara wasu ƙananan halittu dangin jatan lande, su kuma kifayen su zo cin waɗannan, suna zuƙe su da baki. In an gama sai a aika sautin umarni ta cikin ruwa, firam ɗin ya saki nauyin ya taso.

Ragowar rabin sirrin shi ne mafi wuyar koyarwa, kuma bai kamata a tsallake shi ba, domin in an tsaya a batun iska yara za su ɗauka kifi zai iya zuwa ko'ina. Ba haka ba ne. Matsi mai tsanani yana shiga har cikin ƙwayoyin halitta, yana lanƙwasa furotin, wato sinadaran da ke gudanar da aikin jiki, kuma furotin da siffarsa ta ɓaci ba ya aiki. Kifayen teku suna tara wani sinadari da ake taƙaita sunansa da TMAO, wanda ke taimaka wa furotin riƙe siffarsa, kuma gwargwadon zurfin da kifi yake, gwargwadon yawansa a namansa. Yaranmu sun san warinsa ba tare da sun sani ba: idan kifin teku ya mutu, sinadarin yana rikiɗa ya ba da ƙarnin nan mai ƙarfi na kifin ƙanƙara da ake kawowa kasuwa, wanda yawancin kifin ruwan daɗi ba su da irinsa sosai.

Amma tara shi yana da iyaka, kuma dankalin turawa ne ya nuna mana dalili. A narka gishiri giram 35 a lita ɗaya ta ruwa, wato cokalin cin abinci biyu a shafe ba a tula ba. Wannan shi ne ɗanɗanon teku. A fere dankali, a yanka sala-sala masu tsawon santimita 5 da kauri iri ɗaya, a saka rabi a ruwan gishiri, rabi a ruwan rijiya, a bari awa ɗaya. Na gishiri zai yi laushi ya lanƙwashe, na ruwan daɗi ya ƙara tauri. Ruwa yana bin ɓangaren da abin da aka narka ya fi yawa. Idan yankan ya yi kauri, awa ɗaya ba ta isa a ga bambanci, a bar shi zuwa bayan tara.

Jinin kifin teku na sama-sama bai wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na kaurin ruwan tekun ba, wato yawan abin da ya narke a cikinsa, saboda haka kullum ruwa fita yake daga jikinsa, shi kuma yana sha yana fitar da gishiri. Duk tsarin jikinsa a kan haka aka gina shi. Yayin da TMAO ke ƙaruwa da zurfi, kaurin ruwan jikin yana hawa. A 2014 Paul Yancey da abokan aikinsa suka auna kifayen da aka kamo daga mita 7,000 a kwazazzabon Kamadek, arewa da Niyu Zilan, suka lissafa cewa a wajen mita 8,200 ruwan jikin kifi zai yi daidai da na teku. Daga nan in ya ƙara sinadarin, ruwa zai juyo ya riƙa kwarara cikinsa. Suka ce iyakar kifi tana tsakanin mita 8,000 da 8,400.

Abin da aka gani tun daga lokacin bai karya wannan lissafi ba. A 2017 masu binciken Japan sun ɗauki hoton kifi a mita 8,178 a Mariyana. A 2022 tawagar Alan Jamieson na Jami'ar Yammacin Ostareliya, tare da abokan aiki daga Tokyo, ta ɗauki hoton wani ɗan ƙarami daga wannan dangi a mita 8,336 a kwazazzabon Izu-Ogasawara, kudu da Japan, inda ruwan ya ɗan fi na Mariyana ɗumi, ta kuma kama biyu a mita 8,022 a kwazazzabon Japan. Mun ba ajin aikin gida da wannan: Piccard ya ce ya ga kifi mai faɗi ta tagar Trieste a 1960, a zurfin da ya kusa mita 11,000, ba tare da hoto ba. Za a yarda? Yawancin masana a yau suna ganin wata halitta ce daban ya gani, kuma yaran da suka riƙe batun dankalin sun kai ga wannan amsa da kansu.

Ƙasa da mita 8,400 rai bai ƙare ba. Waɗannan 'yan dangin jatan lande suna nan har ƙasan wuri mafi zurfi, domin su tun asali kaurin ruwan jikinsu daidai yake da na teku, sai dai su musanya wani sinadari da wani ba tare da jimillar ta ƙaru ba.